Matar da Ta Tambaye Ni Sau Biyu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa gare ki, 'yar nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifiyarki, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, duk da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma yanzu haka ina jin ki kina zuge jakar bayan nan taki kina sake buɗewa. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki lafiya a duk inda jirgi zai sauke ki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na san za ki sha fama da karatun nan. Hausa kina jin ta tsaf, amma tun kina firamare da Turanci kike amsa min. Ki bi a hankali. Inda kika kasa, kada ki kai wa Babanki, kada ki kai wa ƙanwarki Amira. Ki sake karantawa, zai fito. Zan iya rubutawa da Turancin, sai dai abin da ke raina ba ya zama a cikinsa.

Jibi jirginku zai tashi. Ke da ƙawayenki biyu za ku tsibirin Tirinidad kallon kanibal, bikin nan nasu na kiɗa da rawa a titi, da tikiti mai araha da masaukin da ake haɗa baƙi a ɗaki ɗaya, daga can kuma ba nan unguwarmu Parkchester za ki dawo ba, sai garin da kika samu aiki. Wato zaman gidan nan kin gama shi ke nan. Ban hana ki ba, kuma ba don in hana ki na ɗauki biro ba.

Ranar Asabar da ƙawayenki suka zo taya ki haɗa kaya, ina kicin ina soya muku ƙosai, na ji doguwar nan mai tabarau ta tambaye ki me ya sa ba ta taɓa jin na kira sunanki ba, alhali Amira sai a kira ta sau goma a wuni. Kika yi dariya kika ce, "Ai Amira ce 'yar Mama. Ni haƙuri kawai take yi da ni, na saba." Dariyar ta fi maganar yi min ciwo, don dariyar wanda ya daɗe da yanke hukunci ce. Ina tsaye ina kallo ƙosan ya ƙone a kasko. Ba zan bari ki fita daga gidan nan da wannan a zuciyarki ba. Tunda baki ya gagare ni shekara ashirin da biyu, bari in gwada hannu. Zan ba ki labarin ranar da ni ma na je kanibal, da kurakuran da na tafka a wuni ɗaya. Ba wanda ya san shi duka, har Babanki.

Shekarata goma sha tara lokacin da na sauka a garin nan. Babanki ɗalibi ne, ya dawo karatu sati biyu bayan bikinmu, ni kuma na zauna a Kano ina jiran biza. Da ta fito, ta ziyara ce, in yi hutun bazara in koma. Tikitin da ya iya saya min irin naku ne, mai tsaye-tsaye a ƙasashe, na iso ƙafafuna a kumbure. Rabin akwatina littattafan soyayya ne. Kada ki yi dariya, ni ma na taɓa zama yarinya.

A cikin littattafan nan ba a faɗa wa namiji komai. Ya dubi idon yarinya sau ɗaya ya san tana jin ƙishi, ya san tana fushi, ya san abin da ta yi mafarki. Na yarda da wannan har zuciyata. Na zaci haka ƙauna take, kuma idan har sai na buɗe baki na faɗa, to abin ya lalace. Babanki mutumin kirki ne, amma shi injiniya ya karanta, bai karanta ido ba. Idan aka ce masa lafiya lau, ya yarda lafiya lau ɗin ce, ya ci gaba da harkarsa da zuciya ɗaya. Sau nawa na juya masa baya ina hawaye don bai gane abin da ban faɗa ba. Wannan wautar ita ta haifi sauran, shi ya sa na fara da ita. Ƙawayen tafiyarki ba za su karanta miki ido ba, wanda Allah ya rubuta zai aure ki ma haka. Idan ƙafarki ta gaji, ki ce ta gaji. Idan wuri bai kwanta miki ba, ki ce mu tashi, ko da su biyun suna tsakiyar jin daɗi.

Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Tremont da ke Bronx, a gidan Anti Memuna, wadda kika sani kafin ta koma Kumasi. Ba mu da halin shiga gidajen abinci, don haka Babanki ya haddace duk wani wuri da ake zuwa kyauta. Mun hau jirgin ruwan Staten Island mun je mun dawo, mun sake komawa don kawai iskar ta yi min daɗi. Mun zauna a lambuna, mun kalli kaya ta gilashin kantuna muna zaɓen waɗanda za mu saya ranar da muka yi arziki. Ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba.

Wajen tsakiyar Agusta na gane ba ni kaɗai ba ce. Ke ce.

A nan sai na yi miki bayanin abin da ya kamata in yi miki tun kina ƙarama. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a can, cikin fari abin kunya ne. Ba wai laifi ba ne, kunya ce irin ta girmamawa. Yarinya ba ta faɗa, sai dai manyan mata su gani su kama ta da dabara. Idan ta haihu, ba ta ɗaukar jaririn a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, kuma ba ta kiran sunansa har ta tsufa. Innata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, "wannan" take ce masa har ta rasu, kuma kowa a gidan ya san shi ne ranta. Da haka na tashi. Don haka na rufe bakina, ko Babanki ban faɗa wa ba. Ina jira ya dube ni ya gane.

Anti Memuna dai ta gane. Kin san Hausarsu ta Zango, mace ma "ka" suke ce mata. Ta tsare ni a bakin kicin ta ce, "Amariya, wannan barcin rana da ka ke yi, da tofar da yawu, ni fa na haifi huɗu."

Na ce, "Zafi ne, Anti."

Ta ce, "Yo, zafi. To Allah ya sauke zafin lafiya."

Ana gobe kanibal, Babanki ya shigo da murnarsa ya ce, "Gobe zan kai ki Brooklyn, bikin mutanen Karibiya. Ba a biyan ko sisi, kuma har ki tsufa kina ba da labari." Gaskiya ya faɗa, ga shi ina bayarwa.

Litinin ce ta farkon Satumba, ranar hutun ma'aikata. Anti Memuna ta yi sammakon zuwa aikinta na kula da tsofaffi, ta bar wa 'yarta Jamila tukunyar shinkafa da wake irin tasu ta Gana, da baƙin yajin nan nasu. Na fito cikina kamar an yashe shi. Kwana biyu ba abin da ya zauna min, amma ƙamshin yajin nan ya shiga raina. Jamila tana zuba nata ta ɗago ta ce, "Anti, za ki ci?"

Na ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

Ta ce, "Oke," ta rufe tukunya ta tura a firij.

Na tsaya kamar an mare ni. A Kano, "na ƙoshi" na farko ba amsa ba ce, ladabi ne. Mai gida zai sake cewa, ki sake ƙi, ya rantse, ya turo miki kwanon, sannan ki ce to bari in taɓa. Jamila a nan aka haife ta, kamar ke. An tambaye ni, na ce a'a, magana ta ƙare. Ba ta yi min rowa ba, ni na yi wa kaina. Kuma maimakon in buɗe firij ɗin, sai na ɗauki mayafina na bi Babanki, ko ruwa ban sha ba. Ke ba ki da wannan ciwon a wajen abinci, na sani, amma kina da ƙanwarsa: ba kya son a ce kin ɗora wa mutane nauyi. Na sha ganin ki kina cewa ba komai alhali da komai. A hanya kada ki yi haka. Duk abin da kike bukata ki karɓa tun a tayin farko, ki yi godiya. Kuma kada ki fita kallon biki da safe cikinki ba komai, ko da ƙawayenki suna ta azalzala.

Tun muna cikin jirgin ƙasa muka fara ganin su, kowa da tutar tsibirinsu a ɗaure a ka ko a kafaɗa. Da muka hau matakala muka fito sarari, sai da na riƙe hannun rigar Babanki. Kiɗan ba a kunne nake jin sa ba, a ƙirji. Tireloli ne ke tafiya a hankali ɗauke da lasifikoki jibga-jibga, bayan kowace tirela jama'a na bi suna rawa. Ga masu kaɗa gangunan ƙarfe da aka yanko daga durom, sautinsu kamar ruwan sama yana zuba a kan kwanon rufi amma da daɗi. Ga wasu a kan dogayen sanduna, kansu ya kusa kai rassan bishiya, suna taku kamar zalɓe. Ga mata da fuka-fukai a baya, ja da shuɗi da ruwan zinariya, wani ya fi faɗin ƙofar gida, rana tana dukan duwatsun da ke jikinsu suna walwali. Na ce a raina ashe akwai abin da littafi bai iya kwatantawa ba.

Gefen titin kuwa, tun daga farko har inda ido ya tsaya, abinci ne. Hayaƙin gasasshiyar kaza yana tashi daga durom da aka tsaga biyu. Ga soyayyen kifi, ga ayaba, ga masara a kan garwashi, ga rake ana matse ruwansa, ga kwakwa ana fille mata kai da adda a miƙa wa mutum. Mai ciki da yunwa a irin wannan wuri, sai wadda ta taɓa yi za ta gane.

Babanki ya yi ta bin rumfuna har ya samu wani dattijo ɗan Guyana mai farar hula, wanda ya riga mu yin sallama. A wurinsa ya sayi wani lallausan abu mai faɗi kamar gurasa mara kauri, roti suke ce masa, an naɗe dankali da wani wake mai manyan ƙwayoyi a ciki da romon kori. Ya miƙo min nawa yana turiri.

"Bismillah, ci da zafinsa."

"Sai mun koma gida."

"Gida? Bronx fa kike nufi. Kafin mu kai ya zama takalmi."

"Ni ba zan ci a titi ba, mutane na kallo."

"Wa ke kallonki? Dubi waccan, gashin jimina ne a kanta tana gaisawa da masara. Ko 'yan Gwammaja ne suka biyo ki har Brooklyn su kai rahoto gida?"

Na yi murmushi na jefa a leda. An koya mana mace mai mutunci ba ta ci a tsaye a kan hanya. Amma gaskiyar magana, jira nake ya ce min a karo na uku. Jira nake ya gutsuro ya kai min baki, kamar yadda ake yi a shafi na ƙarshe na littattafan nan. Shi kuwa ya cinye nasa, ya goge hannu, ya ce, "Kin yi asara, wallahi," ya ja ni muka yi gaba.

Ki ci abinci a titi, 'yar nan. Ki nemi gefe, ki yi bismillah, ki ci, mutuncinki ba a loma yake ba. Ki zaɓi rumfar da ake dafawa a gabanki, wadda kika ga tsofaffin matan garin suna layi a kai. Ki tambayi abin da ke ciki, ba wanda zai ji haushi. Daga baya na gano wasu suna jefa wutsiyar alade a romon masararsu, wasu kuma suna zuba giya a abin shan da ba ya kama da na giya. Ki tambaya a fili, da murmushi, kafin ki kai baki. Ki riƙe gorar ruwa a hannu, kuma kafin ki shiga cunkoso ki san inda za ki yi salla da inda za ku haɗu in kun rabu.

Akwai abin da na yi a ranar da har yau nake istigfari a kansa. Da yunwa ta fara cin raina, sai na huce a kan matan nan masu rawa. Na dubi shigarsu, na ja mayafina, na ce wa Babanki, "Waɗannan ko iyaye ba su da su." Na fi ƙura wa wata ido, babbar mace ce da za ta yi sa'ar Innata, da shuɗayen fuka-fukai, gumi na bin wuyanta tana juyi tana dariya. Na ce a raina, dubi tsohuwar banza. Na ji kaina can sama, ita can ƙasa.

Azahar ta gota lokacin da ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashina. Marata ta ɗaure. Babanki ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Na dafa shingen ƙarfen da 'yan sanda suka jera a bakin titi, na ji wani ɗumi yana bin ƙafata, kiɗan ya yi nisa kamar an rufe shi a cikin tulu. Daga nan ban san komai ba.

Da na buɗe ido, shuɗi na fara gani. Matar nan ce. Ta tsallako shingen, ta kwance fuka-fukanta ta yar a ƙasa mutane na takawa, ta durƙusa ta ɗora kaina a cinyarta. Yatsunta biyu suna kan wuyan hannuna. Ta ce wa Babanki ita nas ce, ta daka wa jama'a tsawa su ja baya, kuma suka ja. Ta sa aka kawo wani jan abin sha mai sanyi daga rumfar kusa. Babanki ya tambaya ko da giya a ciki. Ta ce, "Babu, ɗana. Ina da ido, na ga mayafinta." Ta kafa min kofin a baki. Zoɓo ne. Zoɓo da citta da kanumfari, kamar daga hannun Innata ya fito. Ban san suna da shi ba. Hawaye suka zubo min a cikin kofin.

Sai ta dube ni ta ce, a gaban Babanki, a gaban maza da mata da suka kewaye mu, "Yarinya, ciki gare ki?"

Na girgiza kai. Na ce a'a.

Ki tsaya a nan ki sake karanta layin nan. Ina kwance a ƙasa, jini na fita daga jikina, ranki yana hannun amsar da zan bayar, na ce ba ki nan. Kunya ta fi min ke nauyi a wannan minti ɗin. Da a ce matar nan ta ce "oke" kamar Jamila, da an zaunar da ni a inuwa an ce zafi ne, in huta mu koma gida a jirgin ƙasa. Likita ya faɗa mana daga baya abin da hakan zai iya jawowa, ba zan rubuta shi ba.

Ba ta ce oke ba. Ta dube ni, ta juya ta ce wa Babanki, "Je ka samo min ƙanƙara, maza." Da ya ruga, ta ja gefen mayafina ta yi mana rumfa da shi, ni da ita, ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa nawa. Ta ce a hankali, "Mijinki ya tafi. Ni da ke ne. Zan sake tambayar ki, kuma wannan karon ba don ke ba. Akwai yaro?"

Na ɗaga kai.

Ta miƙe ta ƙwala kira da muryar da ta rinjayi lasifika. Kafin Babanki ya dawo da ƙanƙararsa, masu motar asibiti sun ɗora ni a gadonsu. Ita ta faɗa masa, a tsaye a bakin titi, ta dafa kafaɗarsa. Ina ganin fuskarsa daga inda nake kwance.

Ban tambayi sunanta ba. Ban ce mata na gode ba, bakina ya yi nauyi, har aka rufe ƙofar motar. Ƙyalƙyalin jikinta ya manne a mayafina, na wanke ya fi sau biyar bai fita duka ba. Shekaru uku a jere muna komawa Brooklyn ranar bikin ina duba masu shuɗayen fuka-fukai, ban gan ta ba. Don haka ga abin da nake roƙon ki. Za ki ga shigar da ba taki ba, da rawar da ba taki ba. Ki riƙe suturarki da sallarki, ba sai kin zama su ba. Amma kada ki kuskura ki raina kowa a zuciyarki, ba ki san a cinyar wa za ki farka ba. Kuma duk wanda ya yi miki alheri a hanya, ki tambayi sunansa, ki gode masa nan take da bakinki. Matafiyi ba ya samun gobe da mutane.

A asibiti aka sa min ƙarin ruwa, aka shafa min wani abu mai sanyi a ciki aka ɗora na'ura. Aka daɗe ana nema. Babanki yana tsaye ya juya wa gadon baya yana motsa baki. Can sai ɗakin ya cika da wani sauti, da sauri da sauri, kamar ƙaramin kalangu daga nesa. Likitan ya ce, "Ga ta nan, ko ga shi nan, da ƙarfinsa." Ranar na fara jin ki. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba kafin nan ba bayan nan, ban taɓa jin sautin da ya kai shi ba.

Da aka bar mu mu biyu, Babanki ya zauna a bakin gado ya ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Ya kusa uku."

Ya ce, "Kuma sai a titi zan ji, a bakin matar da ban sani ba?"

Na ce, "Kunya nake ji."

Ya ce, "Kunyata? Ni ne fa." Ya ciro rotin nan daga leda, ga shi ya huce ya yi tauri, ya riƙa gutsurowa yana miƙo min, na cinye tas.

Likita ya hana ni doguwar tafiya, komawa Kano ta fasu, takardu suka ɗauki shekarun da suka ɗauka, muka zama 'yan nan. Za ki zaci wanda ya ga abin da na gani ya warke. Ban warke ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi duka tsawo.

Da aka haife ki, na ci gaba da abin da na gada. Ban ɗauke ki a gaban baƙi ba, ban yi miki waƙa in da mutum a kusa ba, ban kira sunanki ba. Na ɗauka tarbiyya nake riƙewa a ƙasar da ba ta da ita. Abin da ban lura ba shi ne, a Kano, idan uwa ta kau da kai daga ɗan fari, akwai kaka da za ta sure shi, akwai gwaggo da inna da za su riƙa kiran sunansa har ya gaji da ji, akwai gida guda da zai gaya masa, ba da baki ba, cewa shirun uwarsa so ne. Ni na ɗauko kunyar na zo da ita, na baro gidan da ke cike gurbinta. Ke kuma kika tashi a hawa na shida, tsakanin bango huɗu, da uwar da ke ce miki "ke". Da Amira ta zo, ita ba ta fari ba ce, sai bakina ya sake. Kina ganin haka kullum. Me za ki ɗauka in ba abin da kika ɗauka ba? Ba ki yi laifi ba.

Ranar da kika gama sakandare, da aka kira ki, iyayen wasu suna ta ihu da sunan 'ya'yansu. Na ga kin tsaya a kan dandamali kina waige-waige. Sunanki ya zo min har maƙogwaro, na haɗiye, na yi tafi a ƙarƙashin hijabi inda ba mai gani. Ba ki san duk shekarun makarantarki, ƙarfe uku da rabi a jikin taga take yi min ba. Sai na hango ki kin ɓullo daga kwanar tashar jirgi, sannan in koma kicin da sauri, don kada ki shigo ki same ni ina jiran ki. Ashe abin da ya kamata ki gani shi na fi ɓoyewa. Na sake komawa gidan jiya, ina jira ki dubi idona ki gane.

Ba zan ce miki al'adarmu banza ce ba, na ga inda ta yi kyau. Amma idan Allah ya ba ki naki, a duk ƙasar da kike, ki duba ko akwai mai faɗa masa abin da ke ba ki faɗa ba. In babu, ki faɗa da kanki.

Kwana uku ke nan ina gwadawa. Idan kun fita, sai in tsaya a kicin in faɗe shi a fili. Jiya Amira ta shigo ta same ni ta ce, "Mama, da wa kike magana?" Na ce da tukunya. Ta ce tukunyar nan tana da suna mai daɗi, ta fita tana dariya. A gaban tukunya yana fita. A gabanki ban sani ba.

Jibi a filin jirgi, idan kin saɓa jakarki kin juya za ki shiga layi, zan kira ki, a gaban Babanki da ƙawayenki da duk wanda ke wurin. Na yi niyya. Amma na san kaina. Idan kin ji shiru, don Allah kada ki ce kin saba ki wuce. Ki tsaya, ki waiwayo, ki ba ni karo na biyu.

Ki yafe min. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Na ba wa Allah amanarki, shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa da kan ruwa. Ya tsare ki a cikin taro, ya tsare ki in kina ke kaɗai. Ya sa abin da za ki ci ya zama lafiya a jikinki, ya kare ki daga mugun ji da mugun gani. In kin faɗi, Allah ya kawo mai ɗaga ki. Ya albarkaci aikin da za ki fara, ya dawo min da ke ina raye.

Allah ya yi miki albarka, Saudatu. Saudatu 'yata, ta farina.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.